Almakashi Ɗaya, Kekuna Shida

Litinin, 1 ga Ramadan 1445 (11 ga Maris, 2024)

Jiya da daddare Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, yau muka tashi da azumi. A hanyata ta zuwa shago na sayi wannan littafi mai baƙin bango. Duk abin da ya tsayar mana da aiki a wuni, komai ƙanƙantarsa, zan rubuta shi a nan kafin in kwanta.

Jajiberen sallar bara ne ya sa. Har ƙarfe uku na dare akwai mutane a ƙofar shagon nan. Wani dattijo yana zaune a kan benci, jikansa na barci a cinyarsa, suna jiran kaftanin da ko yankawa ban yi ba. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, da ka faɗa mini tun farko, ai da na kai wani wuri." Shekara guda ke nan maganar tana cina a rai.

Kala 31 muka kasa gamawa bara. Bara waccan ma mun bar fiye da 20. Kowace shekara ina da abin da nake ɗora wa laifi: rashin wuta, ƙarancin takardun kuɗi da canjin naira ya jawo, yaron da ya gudu ana tsaka da aiki. Duk sun faru. To amma lokacin da nake da keke ɗaya a zauren gidanmu ban taɓa saɓa wa kowa ba. Yanzu ina da kekuna shida a Fagge, teloli biyar, mai guga da yara biyu masu koyo, sai ga shi saɓa alkawari yana dawo mini duk shekara kamar damina. Akwai abin da ban gano ba.

Talata, 2 ga Ramadan

Abu uku yau. Da safe na ɓata kusan minti 40 ina neman awon wani malamin makaranta. Na duba tsohon littafi, na duba waya, a ƙarshe na same shi a jikin wani guntun kwali, inda na rubuta ranar da ya zo ya tarar ina kan yanka. Bayan azahar teloli biyu suka zauna suna danna waya, babu yankakken aiki a ƙasa. Da la'asar mai guga ya jona dutsensa, inji ya yi tari ya mutu, kekuna duka suka tsaya.

Laraba, 3 ga Ramadan

Yau ma sun jira ni. Daga sha ɗaya zuwa ɗaya ina tare da masu kawo ɗinki: gaisuwa, ya ibada, awo, ciniki, zaɓen aikin wuya a waya. Almakashi yana ajiye a kan tebur.

Alhamis, 4 ga Ramadan (14 ga Maris)

Tun da hantsi layin intanet ya rikice. Manhajojin banki sun ƙi buɗewa, masu POS na bakin titi sun zuba tagumi. Daga baya muka ji cewa manyan wayoyin da ke ƙarƙashin teku ne suka samu matsala ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, abin ya shafi ƙasashe da dama a Afirka ta Yamma. Mutum huɗu sun ce sun turo kafin alƙalami, ban ga alat ko ɗaya ba.

Wannan ya fi ƙarfin kowa a shagon nan, kuma zai wuce. Abin da ya dame ni shi ne wanda na gani bayan asham, da na zauna in tantance wanda ya biya da wanda bai biya ba tun daga Sha'aban. Na kasa. Asusun da masu ɗinki ke turo kuɗi a ciki, daga shi na sayi gero da sukari ranar Asabar, daga shi na tura wa ƙanwata kuɗin magani. Kuɗin zare da gam da fetur suna tukunya ɗaya da kuɗin cefane. Ashe shi ya sa duk tsakiyar azumi nake cin bashin kayan aiki, alhali na riga na karɓi rabin kuɗin mutane. Kuma kafin alƙalami amana ne a hannuna har sai na miƙa kaya.

Ina da wani tsohon asusu da na daina taɓawa. Da zarar layi ya dawo, shi zai zama na shago kaɗai. Duk Juma'a zan ɗebi abin da na yanka wa kaina, kamar yadda nake sallamar yara.

Asabar, 6 ga Ramadan

Na karanta abin da na rubuta a kwana shida. Neman awo ko neman yadin wani: sau huɗu. Inji: sau uku. Teloli na jiran yanka: kwana biyar cikin shida.

Na daɗe ina kallon na ƙarshen. Ni kaɗai nake yanka a shagon nan. Haka yake tun ina ni kaɗai, kuma ban taɓa ɗaukarsa a matsayin matsala ba, alfahari ma nake da shi, domin mutane yankana suke biyowa. Sai na yi lissafi a bayan shafi. In ana katse ni da baƙi kamar yadda ake yi, kala 8 nake iya yankawa a wuni. Teloli biyar kuwa za su ɗinka 10 zuwa 11 ba tare da sun kwana a shago ba. Zuwa yau mun karɓi 140, na yanka 40. Kwanakin aiki da suka rage kafin 28 ga wata ba su wuce 20 ba. Ashirin sau takwas, 160. Ke nan in aka tafi a haka, gurbin da ya rage mini 60 ne kacal. Bara kuwa kusan 300 na karɓa ban taɓa ƙirgawa ba, sai dai muka riƙa kwana a kan keke a goman ƙarshe, da yawa daga abin da muka fitar cikin gigin barci ya dawo gyara bayan salla.

Shekara biyu ina ƙara keke, ina ƙara tela, ina ganin a nan maganin yake. Almakashi kuwa yana nan guda ɗaya.

Lahadi, 7 ga Ramadan

Bayan la'asar na je gaida Baba, wanda ya koya mini sana'a. Ido ya yi rauni, ya daina hawa keke, amma hankalinsa garau. Na kwashe komai na faɗa masa. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "A shekara ta nawa na ba ka almakashi?"

Na ce, "Ta uku, Baba."

"Yadin mutane nawa ka ɓata mini?"

"Biyu. Har da shaddar liman."

"Na biya ko ban biya ba?"

"Kun biya, Baba."

Ya ce, "Babban yaronka shekararsa nawa a wurinka?" Na ce shida. Bai ƙara cewa komai a kai ba, sai ya koma tambayar lafiyar yara.

A hanyar dawowa na yi wa kaina tambayar da nake gudu. Tsoron ɓarna ne kaɗai ya hana ni, ko kuwa har da tsoron ranar da ya iya yanka zai tashi ya buɗe nasa? Har da shi. Na ji nauyin wannan, domin da Baba ya yi mini irin wannan lissafi, da yau ba ni da shago.

Litinin, 8 ga Ramadan

Da safe na kira babban yarona na miƙa masa sabon almakashi. Na ce daga yau duk wando shi zai yanka, ni in tsaya a kan riga. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Oga, Allah ya saka da alheri." Na tsaya a kansa a ukun farko. Hannunsa ya riga ya san aikin, ido ya daɗe yana koya.

Mun kuma soma lamba. Duk yadin da ya shigo, ƙaramin yaro zai rubuta lamba a ƙyalle ya ɗinke ta a gefensa kafin mai shi ya bar ƙofa. Lambar nan ita ce a babban littafi tare da awo cikakke (tsawo, kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya, ƙugu, cinya, bakin wando), ita ce a takardar da mai kaya zai tafi da ita, ita ce a jikin leda. Farar shadda in ta kai goma a kan kanta, ko mai ita sai ya yi da gaske zai gane tasa. A bango mun kafa allo, mun ja layi shida da alli: an karɓa, an yanka, yana wurin surfani, ɗinki, maɓalli da guga, an gama. Mun wuni muna bin tsofaffin kaya muna sa musu lamba. Na 'ya'yana ma na sa su a layi.

Karɓar ɗinki kuma daga bayan la'asar ne zuwa magariba. Safiya ta yanka ce.

Laraba, 10 ga Ramadan

Goman marmari ta ƙare. Da daddare 'yan tashe suka biyo ta layinmu, yara suka fita kallo.

Tun daga watan Janairu sau uku ina kai inji gyara. An canja filogi, an wanke kafireto, an canja mai. Yau na ce wa mai gyara ya zo ya gani da idonsa lokacin da yake mutuwa. Ya tsaya, mai guga ya jona dutse, inji ya shaƙe. Ya yi dariya ya ce, "Oga, injinka lafiyarsa ƙalau, kaya ne ya yi masa yawa." Dutsen guga ɗaya yana jan wat 1,000 ko fiye, ya fi abin da kekuna biyu ko uku ke ja. Lokacin da na sayi injin kekuna uku gare ni.

Babban inji ba na bana ba ne. Tun da aka cire tallafi a ƙarshen watan Mayun bara fetur ya haura naira 600 lita, wanda ya fi wannan girma kuwa shan sa ya fi. Abin da muka tsayar: mai guga zai zo bayan asuba ya yi aikinsa har ƙarfe takwas, kafin kekuna su tashi, sai kuma duk lokacin da aka kawo wuta. Dutsen gawayi na yadi mai duhu ne kawai. Tartsatsi ɗaya ya isa ya kashe farar shadda.

Alhamis, 11 ga Ramadan

Kala 11 yau. Babu wanda ya zauna.

Juma'a, 12 ga Ramadan

Abin da nake tsoro ya faru. Babban yarona ya yanka wandon lamba 163 da awon 136. Mai 163 dogo ne, wandon ya gaza da inci huɗu, kuma yadi biyar ɗin da ya kawo babu rarar da za ta fitar da wani. Shadda ce mai tsada, ruwan toka.

Bayan an sauko daga masallaci na shiga Kantin Kwari da ƙyallen a aljihu. Sai a shago na bakwai na samu irinta sak. Kuɗin da aka faɗa ya sa na riƙe baki. Bara warhaka dala tana wajen naira 750 a Wapa, a watan jiya ta kusa 1,900. Ta soma saukowa yanzu, amma ɗan kasuwa da kuɗin da ya saro zai sayar. Na biya daga asusun shago.

Da na dawo na tarar ya ajiye almakashin a kan teburina, ya koma kekensa, idonsa ya yi ja. Na ɗauka na mayar masa. Na ce, "Ba hannunka ne ya kuskure ba, lamba ce ta juye maka. Daga yau kafin ka sa almakashi, ka karanta lambar ƙyalle da ƙarfi, yaro ya karanta ta littafi." Ya ce, "Oga, a cire a kuɗina." Na ce ba za a cire ba. Na kira mai kayan na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, ya ce ba komai tunda an samu irinta.

Litinin, 15 ga Ramadan (25 ga Maris)

Mun kai 235. Na tsayar da karɓa. Na bar gurbi 15 saboda 'yan uwa da larura, jimla 250. Na sa an rubuta a kwali an liƙa a ƙofa, na sa a WhatsApp.

Bai zo mini da sauƙi ba. Kusan kala 50 ke nan ƙasa da bara, kuma kowane tela ya san kuɗin sana'ar nan a wannan watan yake. Ɗaya daga cikin telolin ya ce, "Oga, arziki yana zuwa muna korarsa?" Na nuna masa allo, na ce ya ƙirga da kansa ya nuna mini ranar da za mu ɗinka na 251. Ya ƙirga, ya yi shiru, amma na ga bai gamsu ba. Kuɗinsa a kan kala yake, yana da gaskiyarsa.

Alhamis, 18 ga Ramadan

Alhaji ya zo bayan la'asar, direba na biye da shi da leda. Kala shida, na 'ya'yansa maza. Shekara tara yana kawo mini ɗinki, shi ya ranta mini kuɗin kekena na biyu. Kuma duk shekara sai a irin wannan lokaci yake zuwa, ni kuma in karɓa, in ture na wasu da suka riga shi. Cikin waɗanda na ture bara har da jikan dattijon nan.

Gurbi huɗu suka rage. Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, huɗu zan iya yi muku alkawari. Biyun in kun amince in kai wa wani da na yarda da aikinsa, ni zan tsaya a kai." Ya ce, "Yau ni kake karanta wa lissafi?" Na ce, "Wallahi girmanku ne ya sa ba zan faɗa muku abin da na san ba zai yiwu ba." Ya ce wa direba ya kwashi kayan duka.

Na kasa cin abin kirki da shan ruwa. Maiɗakina ta ce in bari ya huce, bayan salla in je har gida da kaina. Haka zan yi. Mutumin nan yana da haƙƙi a kaina, kuma laifina ne da ban aika masa tun cikin Sha'aban ya kawo da wuri ba. Na rubuta sunayen mutum 12 irinsa, waɗanda zan riƙa kira tun kafin wata ya kama.

Lahadi, 21 ga Ramadan

Goman ɗokin salla. Zafi ya kai inda ya kai, da rana ɗaki kamar tanderu.

Abu biyu. Kayan yara uku sun dawo, sun ɗage. Duk ukun iyayen ne suka ce a yi amfani da awon bara. Yaro ɗan shekara goma ba ya tsayawa inda ka bar shi. Daga yanzu ko a kawo yaro, ko a kawo rigar da ke masa daidai yau.

Na biyun allo ne ya tona shi. Lambobi 88, 94 da 102 sun kwana tara a layin ɗinki, na bayansu suna ta wucewa. Duk masu wahala ne: kwala, hannu mai links, aljihu uku. Kuɗin kala ɗaya nake biya ko mai sauƙi ko mai wuya, don haka kowa sai ya zari mai sauƙi. Da ni ne ma haka zan yi. Bayan asham muka zauna mu shida, muka raba ɗinki gida uku, kowanne da kuɗinsa, kuma dole a bi lamba. An yi musu sosai a kan na tsakiya kafin a daidaita. Shekarun baya irin waɗannan ne ke kwana a ƙasan tari har jajibere.

Laraba, 24 ga Ramadan (3 ga Afrilu)

Yau aka sanar da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, zuwa naira 225 kowane yuniti, ninki uku da ɗoriya. Bayan salla sai an sake duba farashin ɗinki gaba ɗaya.

Cunkoson ya tashi daga teburina ya koma wani wuri. Layin surfani a allo ya cika: 19. Mai surfanin da nake kai wa, teloli da yawa ne ke layi a wurinsa, kuma a bana na tura masa fiye da yadda ya saba samu daga gare ni a lokaci ɗaya. Na je da kaina. Shi ma yana cikin halin da nake ciki bara, ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa, idonsa duk ya faɗa. Ban yi masa faɗa ba. Muka ware goma da zai gama zuwa Juma'a, na karɓo biyar marasa aiki da yawa na kai wani wuri. Manyan riguna huɗu kuwa ya ce ba zai yi mini ƙarya ba.

Kuskurena ne a nan. Babbar riga ita ta fi daɗewa a wurin aiki, ita ya kamata in fara yankawa tun ranar farko, ko da lambarta tana baya.

Juma'a, 26 ga Ramadan

Na kira masu manyan rigunan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Na ce musu kaftani da wando za su samu, babbar riga kuwa ba ni da tabbas. Uku sun ce Allah ya kai mu. Na huɗun ango ne, ya ce a hawan Daushe ya so sa ta, ransa ya ɓaci ƙwarai. Na ba shi haƙuri, na ce in ya samu mai yi masa kafin lokacin zan karɓo in kai da kaina, kuɗin aikin kuma a kaina.

Daren jiya na samu tahajjud. Rabona da ita a goman ƙarshe tun kafin in kama wannan shago.

Litinin, 29 ga Ramadan

Ba a ga wata ba. Za a cika talatin, salla sai Laraba.

Talata, 30 ga Ramadan (9 ga Afrilu)

Kwana ɗayan da aka ƙara ya fitar da riguna biyu, har da ta angon. Na kai masa gida bayan azahar. Biyu sun rage a wurin surfani, masu su sun sani tun Juma'a. Cikin 250, an miƙa 243. Biyar suna rataye a leda, an goge, masu su ne ba su zo ba tukuna. Wanda ya zo karɓa, yaro ya duba lamba ya miƙa masa, ya karɓi ciko ya rubuta.

Na sallami kowa kafin isha'i, da goron salla. Telan da ya yi maganar korar arziki ya ƙirga nasa ya ce ya yi ƙasa da na bara kaɗan. Gaskiya ne, kuma na yi masa alkawarin za mu zauna a kai. Alhaji bai kira ba. Jibi zan je gaishe shi.

Kayan 'ya'yana suna ninke a gida tun ranar 14 ga wata. Na rufe shago ƙarfe goma da rabi, babu kowa a benci. Mabuɗi na biyu yana hannun babban yarona, shi zai buɗe ranar Litinin. Ni zan wuce wurin mai surfani da wannan littafi, mu ƙirga riguna nawa zai iya ɗauka a mako kafin babbar salla.